Salansar mashin ɗin Yaya: aikin da na jawo ma kaina

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Bari in fara rubuta wanga abu tun yanzu don in riƙa tuna abin da na gwada da abin da na kashe, saboda na san halina, bayan sati biyu sai in manta in sake maimaita shirmen da na yi.

Yaya ya tahi Zariya kwas na wata uku tun farkon Disamba, ya bar min mashin ɗinshi, Honda CG125 ja, wanda duk unguwar Mabera ta Sakkwato an san yadda yake ji da shi, mutumin da ko matarshi ba ta jingina bokiti da mashin ɗin. Sharaɗin da ya ba ni guda ne, in riƙa tada shi ina ɗan zagayawa kada batir ya mutu. Ni kuma na samu banza na maishe shi jaki. Shekaranjiya Alhamis Inna ta ce in ɗauko mata albasa rabin buhu a kasuwar Ramin Kura, mai keke ya ce 1,500, na ce mi zai sa ina da mashin a gida. Na ɗaure buhun a baya da roba, irin jan buhun nan na raga, ashe tun kafin in hau titi gefe ɗaya ya zame ya kwanta kan salansa. Ina ta jin wari a hanya ina cewa a raina mutanen ga ba su gajiya da ƙona bola, ashe ni ne bolar. Sai da na iso ƙofar gida albasa ta fara zuba ƙasa sannan na gane.

Yanzu ga abin da ke akwai. A tsakiyar salansar, daidai inda ido ke fara sauka, robar buhu ta narke ta manne ta koma baƙa, tsawonta ya kai taƙi ɗaya, har da zanen ragar a jiki. Can baya kusa da wurin taka ƙafar fasinja akwai wani tabon awa na takalmi, silifas ne ya narke, wanga ban san wa ya yi shi ba amma ina zargin ƙanena. Da na duƙa sosai na ga wuyan salansa, wurin da ya fito daga inji, ya canza kala, ruwan ɗorawa daga ƙasa, sai shuni-shuni, sai shuɗi sosai kusa da noti. Ƙarƙashi kuma ɗige-ɗigen tsatsa. Yaya zai dawo kafin azumi, ke nan ina da kamar sati bakwai.

Lahadi, 12 ga Janairu

Omo da ruwan zahi da soso. Ƙura ta fita, mashin ya yi kyau ko'ina ban da inda nake so. Na sa farce na ɓanɓara, farcen ne ya karye. Na jiƙa tsumma da fetur na goga, na sayo kananzir shi ma na goga, sun ɗauke maiƙo da baƙin hayaƙin da ke gefe amma robar ko gezau. Omo 200, kananzir 1,000.

Talata, 14 ga Janairu

Ban taɓa shi ba, makaranta ta cinye ranar. Na dai juya mashin ɗin gefen salansa ya kalli bango saboda matar Yaya na shigowa gaida Inna.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau na yi ɓarnar da ta fi ta buhu, kuma da hannuna, ina cikin hankalina.

Jiya da dare wurin mai shayi na ba da labari, kun san majalisa, kowa bakanike ne in dai ba mashin ɗinshi ba ne. Wani ya ce samfefa, wani ya ce reza, wani ya ce ruwan batir, sai wani da ke magana awa ya yi shekara goma shina wankin mashin ya ce in nemi ruwan nan na wanke masai mai asid, wai ko tsatsar shekara ce minti biyar ya cinye ta. Muna da shi a gida. Da na dawo makaranta na zuba shi kan tabon, na ga ya ɗan yi kumfa a gefe na ce alhamdulillahi aiki ya fara, sai anka kira la'asar, na bar shi na tahi masallaci, bayan sallah kuma munka tsaya gaisawa da wani maƙwabci da anka yi ma rasuwa. Ya kai minti ashirin da biyar kafin in dawo.

Da na watsa ruwa robar tana nan daram, ko launinta bai canza ba. Amma inda ruwan ya gangara ya taru ƙasa da tabon, wuri kamar faɗin murfin kwalbar lemo guda biyu, ƙyallin ya mutu. Ya koma dishi-dishi, fari mai ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, in ka shafa da yatsa za ka ji iyakar inda ya ci. Na wanke da omo, na goge, na sake wankewa, ina ta addu'a ko datti ne, ba datti ba ne, fatar ƙarfen ce ta tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ina zamne ina kallon robar da ruwan ya zo cikinta sai tunani ya zo min: abin da ake sayarwa cikin gorar roba, ya kwana wata da watanni a ciki bai huda ta ba, ta yaya zai ci roba? Da na yi wanga tunani kafin la'asar da ban shiga uku ba. Ban ci tuwon dare da daɗi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na haƙura na kai ma bakaniken Yaya, dattijon da tun ina yaro yake gyaran mashin, da ma kunya ce ta hana ni zuwa saboda na san labari zai iya kai Zariya kafin in koma gida. Ya duƙa ya diba, ya shafa wurin, ya ɗago ya ce "Wa yac ce ma ka sa mai asid?" Na ce wani ne. Ya ce "To wanin ga maƙiyinka ne ko na Yayanka." Na roƙe shi ya rufa min asiri, ya yi dariya ya ce bakinshi alaikum.

Shi ya zamna ya yi min bayani, sauran kuma na ƙara karantawa a waya da dare. Wanga ƙyalli da muke ce ma silba, sunanshi kurom, kuma ba ƙarfen salansar ba ne, shafe ne. Asalin bututun baƙin ƙarfe ne, sai a lulluɓe shi da wani ƙarfe nikel, sannan a ɗora kurom a sama siriri ƙwarai, bai kai maikron ɗaya ba, alhali gashin kan mutum guda ɗaya kaurinshi ya kai maikron hamsin zuwa ɗari. Yana da tauri sosai amma ba shi da kauri ko kaɗan. Asid ɗin da ke cikin irin wancan ruwan wanke masai, haidirokulorik, shi ne ma abin da masu sana'ar shafe ke amfani da shi in suna son su tuɓe kurom daga ƙarfe. Wato ni na yi ma salansar fiɗa, abin da nake gani yanzu nikel ɗin ƙasa ne, shi ya sa ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Ba man da zai maido shi, sai dai a sake shafe duka.

Game da robar kuwa dattijo ya ce da wuta ta hau, da wuta za ta sauka. In tada mashin salansa ta yi zahi robar ta yi laushi, in kashe, in kankare da icce, ba ƙarfe ba, in bi da tsumman auduga. Ya ja kunnena kada in yi amfani da tsohuwar rigar ƙwallo, ita ma roba ce, za ta narke ta ƙara min aiki. Bai karɓi ko sisi ba yau. Na dawo na sari reshen dogon yaro na ƙofar gida na fiƙe shi guda uku masu faɗin baki awa kurfi, na karɓi tsohon zanen atamfa wurin Inna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Dabarar tana yi, amma na biya kuɗin makaranta da fatata.

Kuskure na farko, saboda kada mutane su gani sai na tada shi cikin zaure na turo ƙofa. Ba a yi minti huɗu ba Inna ta fito tana faɗa wai zan kashe su da hayaƙi, kuma gaskiyarta, hayaƙin inji a rufaffen wuri shi ke kashe mutane awa yadda ake jin labarin masu kwana da janareta a ɗaki, iskar da ke kisan ma ba ta da wari. Ni kaina na fara jin kaina ya yi nauyi. Na fito da shi waje bayan gida.

Abin da na lura, wuyan salansa kafin minti ɗaya ya yi zahin da ba a taɓawa, amma tsakiya inda tabona yake shina daɗewa, in mashin na tsaye shina sulo kawai sai ya yi ɗumi robar ba ta saki ba. Robar buhu sai wajen digiri 160 take narkewa, ba kamar ledar fiyawata ba da tun wajen 110 ta saki. Don haka na hau na yi zagaye har shataletalen Dandima na dawo, na kashe, na duƙa nan take. Sai ga icce na shiga ƙarƙashinta tana naɗewa awa cingam, wallahi daɗin da na ji ba a magana. Amma lokacin gajere ne. Da farko in zahin ya yi yawa sai ta zama ruwa, icce ya riƙa shafa ta kan wurin da ke da tsabta, hayaƙi na tashi. Bayan kamar minti biyu sai ta yi daidai tana ɗagowa guntu-guntu, bayan minti biyar kuma ta sake daskarewa sai an sake zagaye. Tsakanin nan ne aikin yake.

A zagaye na biyu ina ta sauri kada ta huce, hannuna na hagu ya zame, cikin wuyan hannuna ya kwanta kan wuyan salansa. Ɗan daƙiƙa ɗaya ne amma har ƙara na ji. Na ruga randa, ƙanwata na zuba min ruwa da moɗa, munka yi ta zubawa kusan minti ashirin. Maƙwabcinmu ya ce a shafa baƙin mai, wata ta ce man goge baki, wata ƙwai, na ce a'a na gode, shawarar majalisa ta ishe ni wanga sati. Ruwa mai sanyi dai, sannan na je kemis anka ba ni man ƙuna anka rufe da bandeji, 1,200. Yanzu na shiga sahun masu tambarin salansa, da ma rabin matan garin nan da ke hawan kabu-kabu suna da shi a ƙwauri.

Kusan rabin robar ta fita.

Laraba, 22 ga Janairu

Hannu ya yi bororo, ban fasa shi ba. Hazo ya rufe gari, ba aiki.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sa safar hannu ta masu walda da na aro, zagaye uku, duk tudun robar ya sauka. Tabon silifas ya fi sauƙi, zagaye ɗaya ya ɗago gaba ɗaya awa ɓawon rogo. Icce biyu sun ƙone baki, na sake fiƙewa.

Saura wani shafi siriri ruwan ƙasa mai duhu a inda robar ta zamna, wanda ya riga ya ƙone ya zama gawayi, zahi ba ya motsa shi. Inna ta leƙo ta ce "Wanga ai ƙanzo ne", kuma ba sunan da ya fi dacewa, ƙanzon tukunya sak. Ta ce a jiƙa shi ya kwana. Na ce Inna salansa ce ba tukunyar tuwo ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na sayo bekin soda wurin masu kayan kek, 500, na dama da ruwa ya yi kauri awa kunu, na shafa bayan salansa ta huce, na bari minti talatin na goge da atamfa. Gefe-gefen ƙanzon ya ɗan yi haske, tsakiya na nan. Sau uku na yi. Ba laifi amma in da wanga zan dogara sai babbar sallah.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne foyil. Na sayi ɗan yanki wurin mai gasa kifi 300, na dunƙule na tsoma a ruwa na goga kan ɗige-ɗigen tsatsar ƙarƙashi, sai wani baƙin ruwa ya riƙa fita, na tsorata na ce na sake ɓarna, da na goge sai ga wurin fes. Baƙin daga foyil ɗin ne, alminiyam ya fi kurom laushi nesa ba kusa ba, shi ke cinyewa, kurom ɗin bai ji komai. Shi ne bambancinshi da samfefa ko soson waya na wanke tukunya. Amma fa sai an wanke wurin tas tukuna, don ƙurar hunturun nan yashi ce, in ta shiga tsakanin foyil da ƙarfe ita za ta yi zanen. In ka kawo ido kusa za ka ga ƙananan ramuka awa bakin allura inda tsatsar ta fito, daga ƙarfen ƙasa take tasowa, ke nan za ta dawo in damina ta zo ba a shafa ma wurin komai ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Albashi bai shigo ba, aiki ya tsaya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na rufe ido na sayi gwangwanin feshin wanke obin a wani babban shago, 4,500, da safar hannu ta roba 800. Ashe maganar Inna ce dai, ƙanzo jiƙa shi ake yi, abin jiƙon ne ya bambanta. Abin da ke cikin gwangwanin kostik soda ne, irin wanda mata masu haɗa sabulu ke amfani da shi, shina cin maiƙo da abin da ya ƙone, ba ya cin kurom, amma shina cin alminiyam da fenti da fatar mutum. Murfin injin mashin ɗin alminiyam ne kuma ga shi dab da salansa, bayan abin da ya faru ran 16 ban yarda da hannuna ba, sai na ce gara in kwance salansar gaba ɗaya in yi aikin nesa da mashin.

Noti biyu ne a kan inji, sai na baya wurin taka ƙafa. Ɗaya daga na gaban ya ƙi, na ja na ji sifana na neman zamewa, na tuna in sandar notin ta karye cikin kan inji to na gama yawo, sai na saki. Na aro WD-40, man feshin nan da ke sakin noti mai tsatsa, wurin mai gyaran janareta na layinmu na fesa, na bar shi har bayan azahar, na ɗan bubbuga, sai ya saki da wani ƙara. Na shanya salansar a rana ta yi ɗumi, na fara gwada feshin can ƙarƙashi inda ba a gani, na jira minti biyar na goge, lafiya lau. Sannan na fesa kan ƙanzon, wanga karo da agogo a hannu, ko sallama anka yi ban amsa daga nesa ba. Minti goma, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ya fito ruwan ƙasa. Warin shina shaƙe maƙoshi, a fili nake amma sai da na yi ta tari. Karo na uku na bi da foyil, sai ga fuskata a jikin salansa, hanci ya yi faɗi awa na rago. Inda buhu ya kwanta yanzu ba mai cewa wani abu ya taɓa faruwa.

Matsalar ita ce da kewayen ya yi ƙyalli, tabon asid ɗina sai ya ƙara fitowa fili. Da can datti na ɗan rufa mai asiri.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na maida salansa, na tada, sai ji nake fat-fat-fat daga gaba awa injin markaɗe, na kai hannu kusa na ji iska na fita ta wurin noti. Ashe akwai wani zoben gasket a bakin injin, tsohon ya riga ya lanƙwashe ya faɗi cikin yashi ban ma lura ba. Na sayo sabo 500, na ɗaure notin biyu kaɗan-kaɗan, wanga juyi ɗaya wancan juyi ɗaya har sunka zamna daidai, ƙarar ta ɗauke. Kafin in tada na goge duk salansar da sifirit, dattijo ya ce shatin yatsa mai maiƙo in wuta ta gasa shi nan zai zamna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na koma kan shuɗin wuya. Na samu Autosol wurin masu kayan mota, man goge ƙarfe ne na Jamus cikin ɗan tub awa man goge baki, 5,500, na daɗe ina juya shi a hannu kafin in biya. Kaɗan ake ɗiba, a murza da tsumma har ya yi baƙi, a goge da wani busasshe. A jikin salansar ya ƙara ƙyalli ba ƙarya, har tabon asid ya ɗan yi sheƙi, ko da yake launinshi daban yake har yanzu. Ruwan ɗorawar wuya ya ragu sosai bayan na murza har kafaɗata ta yi tsami. Shuɗin kusa da noti ya ɗan kwanta kawai. Na tsaya haka nan, don man shi ma yana da ɗan yashi-yashi mai laushi a ciki, kowane murzawa wani abu yake ɗauka daga fatar da na riga na san ba ta da kauri.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na je Wamakko na dawo, na duƙa na diba, kalar ta dawo, har ta ɗan ƙara gangarowa ƙasa fiye da da. Aikin Asabar ya tashi a banza.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na koma wurin dattijo. Bai ko kalli salansar ba, ya kwance fulogi ya miƙo min, bakin fari fat awa alli. Ya ce "Wa yat taɓa kabireto?" Na yi shiru, ya ce "Ni dai ban taɓa ba, mai shi kuma ba ya kai ma kowa sai ni."

Gaskiyar magana ni ne. Sati biyu da tahiyar Yaya na ga mai na cin aljihuna, tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa dabara yake nema, sai na tsaya wurin wani yaro mai gyara a bakin titi na ce ya matse min shi ya rage shan mai. Ya buɗe ya sauke allurar ciki, ya murza wani sukuru, na ba shi ɗari biyar ina murna. Dattijo ya ce in mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa wutar cikin inji zahinta ƙaruwa yake, hayaƙin da ke fita ya gasa wuyan salansa, kalar da nake gani ba datti ba ce, fatar ƙarfen ce da kanta ta gasu, tana farawa da ruwan ɗorawa, in zahi ya ƙaru ta koma shuni, ta koma shuɗi. Ya ce salansa ce kawai ta yi magana, waɗanda ba su magana, bawul da fistin, su ke shan wahalar a ciki, da na ci gaba haka har zahin Afrilu da sai an sauke inji. Ya ƙara da cewa ɗabi'ata ta barin mashin shina sulo minti goma sha da safe wai ya yi ɗumi ita ma tana ciki, injin ba shi da ruwa, iskar tahiya ke sanyaya shi, in shina tsaye dahuwa kawai yake.

Ya maida allura inda take, ya saita iska, ya sa sabon fulogi. Fulogi 1,500, aiki 2,000. Ya ce in yi sati ina hawa in dawo mu diba, kalar da muke so ita ce ta ƙuli-ƙuli, in ya yi baƙi da gawayi mai ya yi yawa, in fari an koma gidan jiya.

Na tambaye shi ko in sayi sabuwar salansa kawai in huta. Ya ce ta kasuwa mai araha in ka ƙwanƙwasa awa gwangwanin madara take, damina ɗaya ta yi ja, kuma Yaya daga jin ƙara zai gane ba tashi ba ce tun ina kwanar layi. Ta asali da tabo ta fi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: 18,000 cif, har da kuɗin kemis, ban sa man zagaye-zagayen ɗumama salansa ba don kada raina ya ɓaci. Kuɗin keken da na ƙi biya 1,500 ne.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Fulogi ya fito ruwan ƙasa, dattijo ya gyaɗa kai. Na sake bin wuyan da Autosol sau ɗaya a hankali, ruwan ɗorawar ya ragu, bayan kwana biyu ina hawa bai dawo da ƙarfi ba. Shuɗin kusa da noti, kamar faɗin yatsa uku, na bar shi. Ciwon hannu ya warke saura shati.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yaya ya iso jiya da dare, yau da hantsi ya shigo gaida Inna, na riga na wanke mashin na fito da shi tsakar gida. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya duƙa wurin salansa ya daɗe. Ya ce "Kai, mi kaka shafa mata haka take ɗaukar ido?" Na fara murmushi, sai ya ɗora yatsa daidai kan tabon asid ya ce "Wanga hwa?"

Na faɗi komai, buhu, ruwan masai, kabireto, na nuna hannu. Inna na gefe tana tsintar shinkafa tana ƙara mai abin da na tsallake, har da hayaƙin zaure. Bai yi faɗa ba, maganar kabireton ce kawai ta sa ya ɓata rai, ya ce da na kira shi ya turo min kuɗin mai. Tabon silifas kuwa ashe ba ƙanena ba ne, na matarshi ne tun bara, ya ce ya gwada cirewa ya kasa ya haƙura, kuma ruwan ɗorawar wuya tun shekarar da ya sayi mashin take nan, shuɗin ne kawai nawa. Sai da na je na nemi ƙanena na ba shi haƙuri kan zargin da bai ma san na yi mai ba.

Mun yanke za a sa ma salansar garkuwa, irin farantin nan mai ramuka da ake ɗaurawa a gefe, zai rufe tabon kuma ya tsare ƙafar fasinja, ni zan biya in albashi ya shigo, dattijo ya ce a kawo bayan an kwana biyu da fara azumi. Kafin damina kuma a shafa ma ƙarƙashin wani abu saboda ramukan tsatsa. Makulli ya koma aljihun Yaya, ya tahi da sauran Autosol ɗin da iccen dogon yaro guda ɗaya da bai ƙone ba. Gobe kabu-kabu zan hau zuwa makaranta, ɗari uku.